Fitilar da Na Haɗa wa Zaurena

Sunana Jinjiri. Ku yi dariyarku, na saba. Gemuna ya yi fari fat tun kafin a haifi yawancinku, amma sunan da uwata ta laƙaba mini ya ƙi sakina. A ƙasar Ruma in ka ce Jinjiri Mai Rediyo ba wanda zai tambaye ka wanne. Ban taɓa zama a aji ba, allon ma ban wuce abin sallah ba, amma ba a taɓa kawo mini mataccen rediyo na mayar wa mai shi a mace ba. Malaman makaranta sun hawo babur tun daga Safana sun tsuguna a gabana suna kallon yatsuna.

Sau huɗu mutanen daji suka shigo ƙauyenmu, sau huɗu na tsira da raina. Na farko a cikin rumbu na kwana, dawa har wuya. Na biyu a cikin rijiya, ina riƙe da igiyar guga. A na uku suka same ni a fili, ɗayansu ya ɗora bakin bindiga a kafaɗata ya harba sama, wai yana son ya ga tsoho ya jiƙa wando. Ban jiƙa ba. Sai dai tun ranar kunnuwana suka tafi. In ba ihu aka yi a kusa da ni ba, ko na kalli bakin mutum, ba na sanin abin da ya ce.

A na huɗu ba ni suka zo nema ba. Muntasir suka zo ɗauka, autana, shi kaɗai ya rage mini a maza. Makaniken babur ne, hannuna ya ɗauko. Su kuwa suna da babura tuli a daji, ba su da mai gyara. Da rana tsaka suka tsaya a rumfarsa, suka ce ya kwashi sifanoninsa ya hau. Da za su fita suka cinna wa ƙyauren zaurena wuta, don kawai sun gan shi. Ba su kira kowa ba daga baya, ba su nemi komai ba.

Suka bar ni da matarsa Sa'adiyya, ɗiyar mutanen Safana, da 'yarsu Ramlat a goye. Uwar 'ya'yana ta daɗe da rasuwa. Iyayen Sa'adiyya suka aiko a tafi da ita, ta ce ba za ta bari ya dawo ya tarar da gida ba kowa ba.

Zaure ya zama ba ƙyaure, kowa na iya shiga. Amma tsakanin zauren da tsakar gida akwai ƙofar ƙarfe, ni na kafa ta, da magariba nake sa mata kwaɗo in rataya mabuɗin a wuyana.

A garinmu akwai ƙa'ida, kuma da jini muka koye ta. In rana ta faɗi, ko muryar wa ka ji tana kiran sunanka, ba ka amsawa. Uzairu ɗan maƙwabcinmu wata biyu ya yi a hannunsu. Wani dare uwarsa ta ji shi a waje yana cewa, "Inna, ni ne, buɗe." Ta buɗe. Shi ne kuwa, da igiya a ƙugunsa, mutum shida a bayansa. Gidan gaba ɗaya aka kora daji. Haka suke yi. Ba sa sakin igiyar, a waje suke tsayar da mutum su sa shi kira, su saurara ko gida da mutane.

To ga damuwata. In Allah ya kuɓutar da Muntasir, da dare zai iso, ba mai gudu daga daji da rana. Zai yi sallama, ni ba na ji. Sa'adiyya za ta ji, amma ta yaya za mu san shi kaɗai ne? Kwana da kwanaki ina juya abin nan a raina. Ranar da na samu amsa ina zaune ne da rimot ɗin wata tsohuwar talabijin a hannuna.

A goshin kowane rimot akwai ɗan ƙwai kamar ƙwayar gero. In ka danna, yana fitar da haske, amma idon ɗan Adam ba ya ganinsa. Kyamarar salula tana gani. Na ce Sa'adiyya ta ɗora wayarta a kai, na danna, sai ga shi yana ƙyalli launin shunayya. Ta ja da baya ta yi a'uziyya. Ita kuma talabijin tana da ɗan baƙin ido mai ƙafa uku, aikinsa ke nan jiran hasken nan. Na ce to, in na sa ƙwan a bango ɗaya, idon a ɗaya bangon, suna kallon juna, hasken ya zama igiyar da ba a gani. Duk wanda ya gitta ya katse ta. In ta katse, fitila ta kama.

Na hau akori-kura zuwa kasuwar Batsari, na tsuguna a tarin matattun kayan wuta har na ciro abin da nake so. Na samo rile na mota, wato ɗan makunnin da wuta ke taɓawa da kanta. Farantin sola da batir ina da su tun da. Ƙarfen narka dalma a gawayi nake gasa shi, kamar yadda na saba shekara arba'in.

Sati biyu abin yana yi mini gardama. Da farko fitilar sai ta riƙa ƙiftawa kamar mai ciwon ido, sai da na ƙara mata kwandensa ta natsu. Daga nan hasken rimot ɗin ya riƙa dukan bango yana dawowa, ko mutum ya tsaya a tsakiya idon yana ganinsa ta gefe. Na yanko gora guntu biyu, na zura ƙwan a ɗaya, idon a ɗaya, hasken ya miƙe ɗoɗar. Na ja waya na sa fitila babba a rufin zaure, ƙarama kuma a ɗakina, daidai saman fuskata, don ta tashe ni. Na huda ƙofar ƙarfen rami ɗaya na leƙe.

Na zaunar da Sa'adiyya na karanta mata dokar.

"In fitila ta kama, mutum ya shigo zaure. In leƙa. In shi kaɗai ne, in buɗe. In da mutane a bayansa, mu fita ta katangar baya mu faɗa cikin dawa. In kuwa kika ji murya fitila ba ta kama ba, to yana waje a hannunsu, su suka sa shi kira. Ko tari kada ki yi."

"To, Baba. In na'urar ta yi kuskure fa?"

"Ke! Mutum ke kuskure. Wannan ba ta barci, ba ta tsoro, ba ta da ɗa balle ta ji tausayi."

Ranar da na gwada ta, rabin waɗanda suka rage a gari suka taru. Na ce liman ya wuce. Ya wuce, fitila ta kama da rana tsaka, ya tsaya yana duba ƙarƙashin takalminsa. Mata suna leƙe ta katanga. Wani ya ce aljani na ɗaure a cikin gorar. Na ce ƙwarai, kuma ni na yi masa kaciya.

A daidai gwiwa na fara kafa ta. A nan matsala ta fito. Mutanen da suka gudu Batsari da Katsina sun bar karnukansu, ba mai ba su abinci, suna yawo a kango. Damina ta shigo, suka gano zaure ba ƙyaure. A dare ɗaya fitilar ta tashe ni sau bakwai. Kowane tashi, Sa'adiyya ta goya Ramlat ta tsaya a gindin katanga, in leƙa in ga kare yana karkaɗe ruwa.

Rabe maƙwabcina, tsarana ne, tare aka yi mana kaciya, kuma tun lokacin bakinsa bai huta ba. Da safe ya same ni a ƙofar masallaci, ya kafa baki a kunnena yadda har na ƙarshen gari zai ji.

"Kurma! An ce ka buɗe wa karnuka masauki har da lantarki! Nawa ne kwanan ɗaki? Ina da wani baƙi mai yankakken kunne, yana neman wuri!"

"Kai da ko batir ba ka iya sa wa tocila daidai ba."

"Ni dai na kwana barci! Kai fa, injiniyan karnuka?"

Sunan ya bi gari. Har mata a bakin rijiya.

Na cire gorar na mayar da ita daidai ƙugu. Kwana uku lafiya. A na huɗu wani jakin da ba a san mai shi ba ya shigo fakewa, ya tsaya a tsakiyar hasken, fitila ta kwana a kunne har batir ya mutu. Rabe ya ce yanzu na samu babban baƙo, sai a yanka masa kaza.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tsaya a tsakiyar zauren, na auna da ƙirjina, na ƙara yatsa huɗu don Muntasir ya fi ni tsawo. Na huda bango, na kafa gorar, na liƙe da siminti don kada in sake taɓawa. Sa'adiyya tana riƙe mini da kwanon simintin. Ta ɗaga kai ta dubi gorar, ta dubi ƙasa, bakinta ya motsa.

"Me kika ce?"

"Ba komai, Baba."

Daga ranar ba kare, ba jaki. Na kamo Rabe na tura shi cikin zauren, fitila ta kama. Na ce, "Ka gani? Ta san mutum, ko da irinka ne." Wata guda cur muna barci.

Ranar wata Talata aka wuni ana ruwa. Bayan lisha na kwanta ke nan sai na ji ana girgiza ƙafata. Sa'adiyya ce. Ba ta taɓa shigowa ɗakina ba tun da aka kawo ta gidan. Ba ta iya ɗaga murya, sai ta rufa mayafi a kanmu, ta haska bakinta da wayarta don in karanta.

"Baba, shi ne. Baban Ramlat ne. Yana kira."

Na ɗaga kai na dubi ƙaramar fitilar. Duhu. Na taɓa wayoyin batir da harshena, wuta ta cije ni. Lafiyarta lau.

"Ba kowa a zaure."

"Wallahi muryarsa ce. Yana cewa Sa'a, Sa'a."

"Na yarda muryarsa ce. Ta Uzairu ma tasa ce."

Muka fito tsakar gida cikin ruwan. Na sa ido a ramin ƙofa, baƙi ƙirin. Ta sake jawo ni ƙarƙashin mayafin.

"Daga ƙasan ƙofar take fitowa, Baba. Kusa take. Ana ƙwanƙwasawa a hankali."

"Zaure yana ɗauko sauti. Ƙwanƙwasar kuma kare ne, ko tsakuwa suke jefowa don su ji motsinmu."

"Mu haska tocila ta ramin."

"Fitilar zaure kowa ya san da kanta take kamawa. Tocila kuwa hannu ke riƙe ta. Kina so ki gaya musu muna ciki?"

"To bari in amsa masa. Kalma ɗaya."

Na nuna mata bayanta, inda Ramlat ke barci. Na ce, "Amsa. Amma ki fara yanke shawarar wanda za ki ba su, ke ko ita."

Ta durƙusa a cikin taɓo ta kama ƙafafuna. Ɗiyar mutane, mai kunyar da ko ido ba ta haɗawa da ni. Ta miƙa hannu wajen mabuɗin da ke wuyana, na riƙe hannun.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kurma yana ji da tafin hannu. Shekaru ina ɗora hannu a kan sifika in san ko rediyo na magana. Da na ɗora tafina a kan ƙofar nan, da na san ko tsakuwa ce ko yatsun mutum. Taku ɗaya ne tsakanina da ita. Tunanin ya zo mini, ba zan ce bai zo ba. Sai na ce a raina, in na taɓa ƙofar nan, na ƙaryata aikin hannuna ke nan. Ban taɓa ba.

Ta zauna a gindin ƙofar ta jingina kanta da ƙarfen. Ni kuma na zauna a bakin ɗakina da adda a cinya, idona a kan fitila. Haka gari ya waye mana.

Da haske ya fara fitowa, na hango ta saman katanga mutane sun fara gittawa zuwa masallaci, na cire kwaɗon. Ƙofar ta ƙi turuwa. Wani abu mai nauyi ya tokare ta daga ƙasa. Na sa kafaɗa na tura a hankali.

Yana kwance a gefensa, kansa a jikin dokin ƙofa. Ba don gashin girarsa ba da ban gane shi ba, ya rame ya zama kamar itace. An harbe shi a cinya, ya ɗaure wurin da hannun rigarsa. Idon sawunsa duka biyu sarƙa ta cinye su har fari ya fito. Daga bakin zauren zuwa inda yake kwance akwai sawu a ƙasa, faffaɗa, na mutumin da ya ja jikinsa da hannu da gwiwa. Jinin ya bi ruwan da ya kwararo ya taru a lungu.

Na tsallake shi don in kama kafaɗunsa ta ɗaya gefen. Ina miƙewa, fitila ta kama.

Hasken ne ya sa ya buɗe ido. Yana da rai. Sa'adiyya ta ɗora kansa a cinyarta, na ga bakinta a buɗe, na san ihu take yi, don nan da nan zauren ya cika. Rabe ya shigo, ya duba, ya juya da gudu neman babur. A duk garin babur ɗaya ya rage, na Sagiru, shi ma ya kwana a Wagini.

Na kawo ruwa a moɗa na ɗiga masa. Na tsuguna daidai fuskarsa don in ga bakinsa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Sannu. Sannu, ɗan nan."

"Kwana uku... daga rafi na fara rarrafe."

"Yi shiru, ana kawo babur."

"Na san ƙa'ida, Baba. Na ce ba za ku buɗe ba. Na ce dai in kira, ta san na iso."

Idonsa ya tafi sama, ya bi wayar daga fitila zuwa bango, ya tsaya a kan gorar. Ya juya ya nemo ɗayar a ɗaya bangon. Makanike ne, bai buƙaci bayani ba. Har wani ɗan murmushi ya yi.

"Kai ka haɗa?"

"Ni na haɗa."

"Da rimot?"

"Da rimot."

"Ya yi kyau." Ya huta, ya haɗiye yawu. "Ka ɗaga shi da yawa."

Ya ce a kawo masa Ramlat. Aka kwance ta aka miƙa, ta ga fuskar da ba ta sani ba ta fashe da kuka, wata mata ta karɓe ta. Liman ya matso yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ya karɓa sau biyu. Rana ba ta kai saman rumbu ba ya cika. Babur ɗin Sagiru ya iso bayan an rufe masa fuska.

Mutane suna ta cewa Allah sarki, da asuba ya iso, ƙarfinsa ya ƙare a bakin ƙofar ubansa. Sa'adiyya tana ji, ba ta gyara musu ba. Har ta gama takaba 'yan'uwanta suka zo da mota daga Safana suka ɗauke ta, ban ji labarin ta faɗa wa kowa ba. Wani mai duba marasa lafiya da ya zo gaisuwa ya ce irin harbin nan, in aka tsayar da jinin da wuri aka ɗumama mutum, ana tashi. Bai san abin da yake faɗa mini ba. Na kalli bakinsa har ya gama.

Amma ranar, kafin a yi masa wanka, na buɗe hannuwansa. Tafukan duka biyu cike suke da ƙaya, ta ƙaro da ta aduwa, wasu sun karye a ciki, nama ya kumbura ya rufe su. Na shiga ɗaki na ɗauko hantsakina.

Liman ya dafa ni ya ce, "Malam Jinjiri, wannan ba ta damunsa yanzu. Rana tana yi, kuma ka san ba a daɗewa a maƙabarta kwanakin nan."

Na ce su jira.

Suka jira. Rabe ya riƙe mini hannun, na sa tabarau, na fara daga babban yatsa. Wata sai na tsaga fata kaɗan kafin in kamo kanta. Ba wanda ya yi magana, ko kuma sun yi ban gani ba, don ban ɗaga kai ba. Hannuna bai yi rawa ba ko sau ɗaya, ku tambayi duk wanda yake wurin. A ƙasar Ruma ba mai hannun da zai iya wannan aikin in ba ni ba. Na gama da na dama na koma na hagu. Ban bar ko ɗaya ba.

Sannan na ce su ɗauke shi.